Hanyoyin Koyar Da Haɗa Kwamfutoci A Taron Ƙungiya: Wacce Ta Dace Da Karkarar Kano?

Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta bar yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, ta mai da ita kan kwamfuta gaba ɗaya. A 2024 Hukumar WAEC ta fara bin wannan sawu ga masu zaman jarrabawa na ƙashin kansu, a 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta bayyana niyyarta ta ɗora jarrabawar gama sakandare ita ma a kan kwamfuta. Wannan al'amari ya shafi ɗan Kunchi da ɗan Tsanyawa da ɗan Makoda daidai da yadda ya shafi ɗan cikin birnin Kano, don kuwa jarrabawa ɗaya za a yi musu, a kan na'ura iri ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, zauren jarrabawa irin wannan ya wuce tarin kwamfutoci a bisa tebura. JAMB ta gindaya sharaɗin kwamfutoci 250 a zaure, kowace an jona ta da kebul zuwa ga babbar kwamfuta guda wadda ke riƙe da tambayoyi, ana kiranta saba. In wannan haɗi ya yanke, to, jarrabawa ta tsaya, ko da kowace kwamfuta lafiyarta lau. Haka abin yake a ofishin ƙaramar hukuma da asibiti da ɗakin kwamfuta na makaranta. Kayan na iya zama masu tsada, amma in babu wanda ya san yadda ake haɗa su da gyara haɗin, sai a rufe ɗaki a jira mai gyara daga Kano, a biya masa kuɗin mota da na aiki, wata rana ma a tarar kan kebul ɗaya ne kurum ya saki.

Maganin da ya fi kusa da hannunmu shi ne ƙungiya, watau malaman makaranta da akawunan ofis da masu gyaran waya da samarin da ke riƙe da na'urar POS su riƙa haɗuwa lokaci lokaci suna koya wa juna. Kafa ƙungiya ba wuya. Wuyar ita ce ta ɗore har ta fitar da gwanaye. Mu da muke aikin horar da malamai mun sha ganin taro ya fara da mutum arba'in, kafin wata uku ya koma shida, kuma galibi laifin yana ga hanyar da aka bi wajen koyarwa. Saboda haka muka ga ya kamata mu tsaya mu auna hanyoyin nan ɗaya ɗaya.

Tambayar Da Za A Fara Yi

Kafin shugabannin ƙungiya su gayyaci mai jawabi ko su nemi aron zaure, wajibi ne su yi wa kansu tambaya guda: in taro ya tashi, me muke so kowane memba ya iya yi da kansa wanda bai iya ba da safe? Amsar wannan tambaya ita za ta zaɓi hanyar koyarwa.

Ilmin haɗa kwamfutoci kashi uku ne. Akwai fahimta, watau mutum ya gane yadda saƙo ke tashi daga wannan na'ura ya sauka a waccan. Akwai aikin hannu, watau yanka kebul da ɗaura masa kai da jona shi da saita na'ura. Akwai kuma gane cuta, watau in abu ya ƙi aiki mutum ya san inda zai fara dubawa. Kowane kashi da hanyar da ta dace da shi, kamar yadda garma da lauje da magirbi duk kayan gona ne amma kowane da ranarsa.

Magabatanmu sun riga sun gwada wannan. A farkon shekarun 1950, da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, motar majigi takan shiga ƙauye ta tara jama'a a ƙofar fada, a nuna musu amfanin karatu. Amma ba a gaban majigi aka koyi karatu ba. An koye shi a ƙaramin aji, da allo da alli, a hannun malamin da aka ɗauka daga cikin garin. Sa'an nan aka buga ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina, don wanda ya koya ya sami abin karantawa kada ya manta. Taron jama'a ya farkar da mutane, ƙaramin aji ya koyar da su, aiki da abin da aka koya ya tsare shi a kai. Wannan tsari har yanzu bai tsufa ba.

Lacca

Hanyar da aka fi gudu zuwa gare ta ita ce lacca, don ita ce mafi sauƙin shiryawa: mutum ɗaya ya tsaya, sauran su zauna. Tana da amfaninta, kuma kada a raina ta. Ita ce ta dace da kashi na farko, watau fahimta, muddin mai jawabi ya ɗauko misalinsa daga abin da jama'a suka sani.

Alal misali, kowace na'ura da ke cikin haɗi tana da lambar adireshi da ake kira IP, wadda a tsarin da aka fi amfani da shi lambobi huɗu ne jere, kowace tsakanin 0 da 255, kamar 192.168.1.5. A ƙaramin ofis, lambobi ukun farko su ne sunan unguwa, ta ƙarshe kuwa lambar gida. Na'ura mai 192.168.1.5 da mai 192.168.1.6 maƙwabta ne, suna magana kai tsaye. Mai 192.168.2.6 kuwa tana wata unguwa, sai saƙo ya bi ta hannun rauta, wadda ke matsayin ƙofar gari. In gida biyu suka ɗauki lamba ɗaya, ɗan aike zai ruɗe. Duk akawun da ya taɓa aika wasiƙa ta gidan waya zai gane wannan cikin minti biyar.

Aibin lacca shi ne tsawo. Mutumin da ya yini a aji ko a gona, ya tuko babur daga nesa, ba zai iya riƙe jawabin sa'a biyu ba. Aibi na biyu shi ne mai jawabi ya kwaso darasin jami'a, ya fara jera matakai bakwai na tsarin sadarwa da sunayensu na Turanci, jama'a na gyaɗa kai don kunya. A ganinmu minti 20 ya ishi lacca, kuma kada ta ɗauki fiye da magana ɗaya a zama ɗaya. Wanda aka gayyata daga birni a gaya masa haka tun kafin ya taso, cikin ladabi, don kada ya ji an katse shi.

Nuni

Hanya ta biyu ita ce nuni, watau gwani ya yi aiki a gaban jama'a suna kallo. Manomi ya san wannan tun zamanin malaman gona da gonar gwaji: an gaya masa taki na da amfani ya yi shiru, da ya ga kunya biyu gefe da gefe sai ya yarda. Gani ya kori ji.

Kayan nuni ba su da yawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka biyu, ƙaramin suwic guda mai ƙofa biyar ko takwas, da kebul biyu. Gwani ya jona su, ya ba kowace lambarta, ya aika ɗan saƙon gwaji da ake kira ping, jama'a su ga amsa tana dawowa layi bayan layi. Sa'an nan ya zare kebul ɗaya a gabansu, su ga amsa ta tsaya, ya mayar su ga ta dawo. Abin da lacca ta faɗa da baki, yanzu ido ya shaida.

Amma nuni yana da tarko. Hannun gwani yana da sauri, ya saba, yakan tsallake mataki uku bai sani ba. Mai kallo sai ya ɗauka ya iya, sai ranar da ya zauna shi kaɗai ya rasa ta inda zai fara. Don haka gwani ya yi aikin sau biyu, na biyu a hankali yana faɗin kowane mataki, na uku kuma ya kira ɗaya daga cikin jama'a ya yi, sauran suna gyara masa. Kuma a tuna mutum goma ne iyakar waɗanda za su iya ganin fuskar kwamfuta ɗaya sosai. In jama'a sun fi haka, sai an sami majigi da wutar da za ta riƙe shi, in ba haka ba a raba su kashi kashi.

Aikin Hannu

Hanya ta uku ita ce zuciyar al'amarin, ita ce kuma aka fi tsallakewa saboda tana cin kaya da lokaci. Ba a koyon ɗinki da kallon tela, sai an taka keke. Haka ɗaura kan kebul.

Cikin kebul ɗin haɗa kwamfuta akwai ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu biyu. Ana fere rigar kebul, a warware su, a jera su bisa ƙa'ida, a daidaita bakinsu, a cusa cikin kan roba da ake kira RJ45, a matse da filayar da aka yi don haka. Jerin da aka fi bi shi ne: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wannan jeri yana shiga kai cikin minti biyu, amma yatsu ba sa kama shi sai mutum ya ɓata kai uku ko huɗu. Saboda haka ƙungiya ta sayi kawunan da yawa, kada a tsawata wa wanda ya ɓata, don ɓatawar tana cikin karatun. Akwai ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu takwas, in aka jona kebul fitilun suka kama bi da bi, aiki ya yi kyau, in ɗaya ta tsallake sai a yanke a sake. Wannan na'ura alƙali ce da ba ta san babba ko yaro ba.

A nan ne kuma ake koyon ƙa'idojin da ke ceton dukiya. Kebul irin wannan ba ya wuce mita 100 a jan guda, in ya zarce saƙo yakan raunana. Kwali guda na kebul mita 305 ne, don haka mai aiki ya auna ɗaki kafin a saya. Kada a ja shi a jikin wayar lantarki, kada a bar shi a ƙasa inda gara da ɓera za su same shi, a sa shi cikin bututu, a rubuta lamba a kowane ƙarshe.

Mun fi son a zaunar da mutum uku uku a kan kaya ɗaya: ɗaya na yi, ɗaya na karanta masa matakai daga takarda, ɗaya na rubuta abin da ya faru, sa'an nan su yi musaya. In suka kai biyar, biyu za su koma 'yan kallo. Manyan masu wannan sana'a a Afirka ma haka suke yi. Ƙungiyar AfNOG, wadda ta fara taronta a shekarar 2000 ta kuma yi shi a Abuja a 2007, ta gina horonta a kan zaunar da ɗalibai gaban na'urori na kwanaki, suna saitawa da hannunsu. In injiniyoyi ba su wadatu da jawabi ba, ina ga mai fara koyo?

Ɓatawa Da Gyarawa

Hanya ta huɗu ita ce ta kashi na uku, watau gane cuta, kuma ita ce ta fi kawo wa gari amfani, don sau ɗaya ake haɗa ɗaki amma kullum ake gyara. Yadda ake yi shi ne, shugaban darasi ya fitar da jama'a waje, ya ɓata abu ɗaya a ɓoye, su dawo su nemo. Yau ya sa kebul mai karyayyar waya. Gobe ya ba kwamfuta biyu lamba ɗaya. Wata rana ya sauya lambar unguwa, ko ya kashe mai rabon lambobi a cikin rauta, ko ya cusa bakin kebul guda duka biyu a cikin suwic ɗaya, abin da kan sa saƙo ya yi ta kewaya har ɗakin duka ya tsaya cik.

Abin da ake so a koya a nan shi ne bin tsari, irin na malamin asibiti da ba ya ba da magani sai ya yi tambaya. Da fari, akwai wuta? Fitilar ƙofar suwic tana ci? Kwamfuta ta sami lamba? Tana jin maƙwabciyarta? Tana jin rauta? Tana jin waje? In tana isa waje da lamba amma ba ta isa da suna, to, cutar tana ga littafin sunaye da ake kira DNS. A fara daga ƙasa a hau sama, kada a yi tsalle. Wanda ya saba da wannan jeri ya riga ya fi ƙarfin yawancin matsalolin da ake kiran mai gyara daga birni saboda su.

Wannan hanya tana da daɗi kuma, don takan zama gasa tsakanin rukuni da rukuni. Sai dai shugaba ya kula, kada ya ɓata abu biyu a lokaci ɗaya ga masu fara koyo, kada kuma ya bar dattijo ya ji kunya a gaban yaransa.

Zaman Zaure

Hanya ta biyar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar zaure, kowane almajiri yakan zo da littafinsa, ya karanta inda ya tsaya, malam ya warware masa, sauran suna saurare suna ƙaruwa da karatun da ba nasu ba. Haka ya kamata a keɓe wani lokaci a kowane taro, kowa ya kawo matsalar da ya bari a wurin aikinsa. Malamin makaranta ya ce waifai ɗinsu ba ya kai wa aji na uku. Akawu ya ce injin buga takardu ya ɓace daga kwamfutarsa tun ranar da aka ɗauke wuta. Mai POS ya ce tasa na'urar ba ta samun netwok sai ya fita bakin titi. Wanda ya sani ya amsa, in ba wanda ya sani a rubuta a littafi a nemo amsa kafin zama na gaba.

Turawa ma da wannan suka fara. A watan Maris na 1975 wasu masu sha'awar kwamfuta suka kafa ƙungiyar Homebrew a garejin wani gida a Menlo Park, Jihar Kalifoniya ta Amurka. Al'adarsu ita ce kowa ya tashi ya faɗi abin da yake yi da abin da yake nema, daga nan a watse cikin zaure kowa ya nemi wanda zai taimake shi. A wannan taro ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama Apple ta farko a 1976. Matambayi ba ya ɓata.

Zaman zaure yana bukatar mai tsawatawa, don in aka sake, mutum biyu masu baki za su cinye lokacin kowa. A ba kowace tambaya minti biyar, a fara da waɗanda ba su cika magana ba.

Kwaikwayo Da Wayar Hannu

Akwai wasu hanyoyi biyu da za su taimaka tsakanin taro da taro. Kamfanin Cisco, wanda ya buɗe makarantarsa ta koyar da sadarwa a 1997, yana ba da manhajar Packet Tracer kyauta ga wanda ya yi rajista. A cikinta mutum zai zana rauta da suwic da kwamfutoci, ya jona su, ya saita su kamar na gaske. Tana da amfani ga wanda ya riga ya taɓa kayan da hannunsa yana so ya gwada babban tsari da ƙungiya ba ta da kuɗin sayensa. Amma kebul ɗin cikin hoto ba ya saki, ƙura ba ta shigarsa, don haka kada a fara da ita.

Haka kuma zauren WhatsApp yana da kyau don tuni da ranar taro, da aika hoton matsala, da ɗan gajeren bayani na murya da Hausa. Dogon bidiyo kuwa yana cin data, kuma ba kowane ƙauye ne ke da netwok mai ƙarfin ɗaukarsa ba. Wanda ya sauke shi a gari ya zo da shi taro a raba waya zuwa waya.

A Auna Da Ƙasarmu

Duk hanyar da aka zaɓa, sai an gwada ta da halin ƙasa. Karkarar da ke arewa da Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dambatta, daga Dawakin Tofa da Bichi zuwa Bagwai da Shanono, ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na jikin gona, gari na ganin gari. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960 saboda wannan siffa tasa. Kusancin nan alheri ne ga ƙungiya, don mutanen garuruwa biyar ko shida za su iya haɗuwa da babur, kuma ana iya zagaya taro gari gari, akwatin kaya ɗaya ya ishi kowa.

Amma kusan kowane malami da akawu a nan manomi ne. Daga saukar damina a watan Yuni zuwa kaka a Oktoba, kada a sa dogon darasi mai hawa hawa, don wanda ya rasa zama biyu saboda noma ba zai dawo ba. A wannan lokaci a tsaya ga gajeren zaman zaure sau ɗaya a wata. Darasin aikin hannu a ajiye shi sai an kai amfani gida. Ko da rani ma a tuna da masu noman rani a bakin madatsar Watari da ta Tomas. A duba ranar kasuwa, don wanda ya sa taro ran Lahadi a Dambatta ya yi gasa da kasuwa, kuma shi zai sha ƙasa. A duba lokacin salla da watan azumi.

Wuta ita ce ta biyu. Hanyar da ta dogara ga majigi da kwamfutoci ashirin ta dogara ga janareta da kuɗin mai. Ɗaura kebul kuwa ba ya son wuta ko kaɗan, ƙaramin suwic da rauta ba su da ci, batir da faifan sola guda za su riƙe su. A shirya kowane taro yadda in wuta ta ɗauke darasi ba zai tsaya ba.

Ƙasar da kanta ma darasi ce. Katangar ƙasa mai kauri tana rage ƙarfin waifai, rufin kwano yana mai da shi baya. Saƙon da ake harbawa daga gini zuwa gini yana son fili tsakani, kuma ganyen ɗorawa da tsamiya da darbejiya yana tare shi, har haɗin da ya yi kyau da rani ya raunana in itatuwa sun yi ganye. Ƙurar hunturu tana toshe na'ura, tsawar damina tana ƙona ta in ba a yi mata waya zuwa ƙasa ba. Ba a cika samun waɗannan a littattafan da aka rubuta a Turai ba, sai dai a fita fili a gwada. Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan ta kafa sadarwar karkara marar waya a tsakiyar shekarun 2000, cibiyar CITAD ta Kano kuma ta buɗe makarantar koyar da al'umma kafa sadarwar kansu a 2021, don haka masu wannan sani suna nan kusa, ana iya neman shawararsu.

Sai maganar mata. Malamai mata da ma'aikatan asibiti mata suna cikin waɗanda suka fi zama gaban kwamfuta, amma taron dare ko na nesa ya fi ƙarfin yawancinsu, kuma a rukunin da maza suka yi yawa da wuya filaya ta iso hannunsu. A ba su rukuninsu, da rana, a harabar makaranta, in da hali mace ta jagorance su.

Game da harshe kuwa, a yi bayani da Hausa, amma a bar sunan da ke rubuce a jikin na'ura yadda yake, don shi mutum zai tarar a gabansa ranar aiki.

Tsarin Da Muke Ba Da Shawara

In an tara waɗannan duka, zama na sa'a biyu zai iya kasancewa haka: minti 20 na lacca a kan magana ɗaya, minti 15 na nuni, sa'a guda ta aikin hannu ko neman cuta, sauran minti 25 na zaman zaure. Watau rabin lokaci hannu yana kan kaya. Zama shida a rani ɗaya za su isa a bi kebul, da suwic, da lambobi, da rauta da waifai, da raba injin buga takardu, da tsare haɗi da kalmar sirri.

Bayan zama na shida kada a tsaya ga raba takardar shaida. A nemi izinin hedimasta ko shugaban ofis, ƙungiya ta haɗa ɗaki ɗaya na gaske, ta zana taswirarsa ta manna a bango, ta rubuta sunan mutum biyu na garin da za a kira in ya lalace. Wannan shi ne Sodangin zamaninmu, abin da zai hana karatu gudu. Shi ne kuma ma'aunin da ba ya ƙarya: in bayan wata shida ɗakin yana aiki ba tare da an kira kowa daga Kano ba, hanyar da aka bi ta yi daidai. In ba haka ba, a sake zama a gyara tsari.

Muna roƙon sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu su ba da aron ɗaki ga irin waɗannan ƙungiyoyi, su saya musu akwatin kaya guda, watau filaya biyu ko uku, na'urar gwaji, kwalin kebul, kawuna, suwic da rauta. Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta da Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa duk suna cikin wannan yanki, kuma malamansu da ɗalibansu za su iya zama jagororin farko in an nemi taimakonsu ta hanyar da ta dace. Hakimai da dagatai su ma suna da rawar takawa, don taron da mai gari ya sa wa albarka ba ya rasa jama'a.

Jarrabawa ta riga ta hau kwamfuta, aikin ofis ma yana bin bayanta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar da za ta fara darasi bayan kaka, yanzu ne lokacin da za ta zauna ta rubuta abin da take so membobinta su iya, ta zaɓi hanyar da ta dace da kowane darasi, ta tanadi kayanta. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa 'ya'yan karkara su sami rabonsu cikakke, amin.